Ƙwaryar da Alƙalai Ba Su Duba Ba

Ranar kasuwar Gwiwa na bi ta rumfar masu ƙwarya, sai ƙaurin zazzafar wuƙa a jikin busasshen duma ya tare ni. Mai karatu, in ba ka san wannan ƙauri ba, yana kusa da na gyaɗar da ta zarce a kasko. Shi ne ƙanshin ɗakin kakata a ƙauyenmu na ƙasar Roni.

Ita take shuka dumanta a gindin danga, ta bar shi ya yi ta yaɗo duk damina. Idan an gama girbi sai ta fafe shi, ta kankare cikinsa, ta zauna da wuƙaƙenta a cikin garwashi. Ba ta shata layi kafin ta fara. Takan zaro wuƙa ta ja, siririn hayaƙi ya tashi, ta mayar ta ɗauki wata. Ni ne mijinta na wasa, saboda haka ni kaɗai nake iya cewa aikin bai yi ba. "Ka fara kawo cefane tukuna, maigida," take ce mini.

Sauran mutanen gida kuwa, duk wanda ta nuna wa aikinta sai ya durƙusa ya ce madalla. 'Ya'ya madalla, surukai madalla. Ta taɓa ɓata wata ƙwarya da gangan ta nuna wa matar baffana, ita ma ta ce madalla. Daga ranar ta daina tambaya. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ta san aikin hannunta ya kusa ƙarewa ba tare da wani ya taɓa gaya mata matsayinsa ba.

A shekarar ne baffana, wanda yake aiki a ƙaramar hukuma, ya zo da labarin gasar masu zane da sassaƙa da za a yi a Kazaure. Ya ce alƙalan baƙi ne, masana zane daga nesa, babu mai faɗa musu wanda za su zaɓa.

"Ba su san ni ba?" ta tambaya.

"Ba su san ki ba, Inna."

"To, su za su gaya mini gaskiya."

Ba ta tambayi mece ce kyautar ba. Ta zaɓi duma mafi girma, ta kwashe lokacin sanyi tana aikinsa, fuskarta dab da hayaƙin saboda raunin gani, hawaye yana zuba tana sharewa da gefen zane.

An yi gasar a wata makarantar firamare. Alƙalan suna cikin aji, masu gasa suna waje a inuwar darbejiya, ana karɓar kayan gari bayan gari. Tsarin shi ne ka miƙa aikinka ga mai tsaron ƙofa, ya liƙa masa lamba, ya shigar. Mutanen Roni sai bayan azahar. Kakata ta zauna tana lura da ƙofar, har ta gane cewa tun safe ba a shiga wa mutanen nan da ko ruwa ba. Baffana ya tafi masallaci. Ta sayi nono wurin wata Bafulatana, ta kwance furar da ta yo guzuri. A wurinta baƙo ba ya sha sai a ƙwaryar da ta fi kowace kyau a gida, kuma ga ta a cinyarta, ita ce ta gasar. Ta dama a ciki, ta rufe da faifai. Mai tsaron ƙofa ya ga tsohuwa da ƙwaryar fura, kunya ta hana shi tare ta. Na bi bayanta.

Babban cikin alƙalan, wani dattijo mai furfura, ya miƙe ya rusuna ya gaishe ta.

"Iya, ki yi haƙuri. Ba ma karɓar komai daga hannun mai gasa."

"Ɗan nan, fura ce fa."

"Na sani, Iya. Allah ya saka da alheri."

Na ga mace guda da ke cikinsu ta kawar da kai gefe don kada idonta ya sauka a kan zanen. Suka yi shawara a hankali. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya kai musu wani abu, suka kuma ga fuskarsa tare da aikinsa, an cire shi. Sun faɗa da ladabi ƙwarai. Kakata ta fito da ƙwaryar a cike kamar yadda ta shiga da ita.

Sai da muka isa gida ta yi magana. "Sun ce bai yi kyau ba?"

"Ba su ce komai ba, Inna," in ji baffana.

"Ko bai yi ɗin ba, ai da sun faɗa."

Ba ta ƙara sa wuƙa a wuta ba. Ta rasu kafin in shiga sakandare.

Yanzu na gama jami'a, kuma ni ne sakataren wani kwamitin alƙalai irin wancan. Hotunan ayyuka ake nuna musu a allo, lamba bayan lamba, babu fuska babu suna. Na yarda da ƙa'idar, domin na ga abin da yake faruwa inda babu ita, kuma ban taɓa ganin laifin dattijon nan ba. Abin da yake gajiyar da ni shi ne yawan ayyukan da suke wucewa shiru. Shi ya sa nake roƙon alƙalan su faɗi ko jimla ɗaya a kan kowane aikin da ya faɗi, in mayar da ita Hausa mai kyau in isar wa mai shi. Sun gaji da ni. Shugabansu yakan ce, "Malam sakatare, kai ba ka da gida ne?"

Kwanan baya na kira wani tsohon baduku a Babura ta waya, wanda aikinsa ya faɗi. Na ce masa, "Baba, sun ce ɗinkin ya yi kyau, amma launukan sun cunkushe a baki."

"Haka ne kuwa," ya ce. "Ashe sun duba."