Mai Askin da Muke Kira Kyaftin

Shagon askinsa yana kusurwar titinmu, tsakanin mai gyaran keke da mai sayar da katako. Kujera ɗaya ce a ciki, irin wadda ake ɗagawa da ƙafa, sai madubi mai tsaga a gefe da bencin masu jira. A nan na san shi, kuma ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Kyaftin.

Kyaftin na gaskiya yayansa ne, matuƙin jirgin yaƙi, wanda aka harbo jirginsa lokacin da yaƙi ya yi tsanani. Ba a kawo gawa ba. Akwati aka kawo, da rigar fata da takalma a ciki. Matar marigayin ba ta daɗe ba ita ma ta rasu, ta bar 'ya ko yaye ba a yi mata ba. Mai askin ya ɗauki yarinyar, da almakashi da reza ya raine ta har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Sanyi ne ya fara sa shi saka rigar, ga shi kuma sun yi kama da yayan ƙwarai. Sai abokai suka sami abin tsokana.

"Kyaftin, sauko da mu a hankali, kujerar nan ta yi sama da yawa!"

Yakan yi dariya ya ce, "Zauna daidai, fasinja mai surutu."

Sannu a hankali abokan suka ƙare. Samarin da suka taso suka gaji sunan, amma ba su san wasa ne ba. Idan ɗaya ya ce, "Baba, wai da gaske in jirgi ya juya ido yakan yi duhu?" da farko sai ya ce masa, "Sunkuyo," ya ci gaba da aski. Daga baya ya soma amsawa. Labaran da yayansa ya ba shi yake maimaitawa, sai dai ya daina faɗin wanda ya ba shi su. 'Yar tana ji idan ta kawo masa abinci, ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

Da makarantar da marigayin ya yi ta yanke shawarar sa wa ɗakin karatu sunansa, sabon shugaban makarantar, wanda baƙo ne a unguwar, ya gayyaci mai askin ya yi jawabi. A gaban iyaye da ɗalibai ya gabatar da shi da cewa ga jarumin da suka yi shawagi tare da marigayi. Aka yi tafi. 'Yar tana sahun gaba, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

Mai askin ya daɗe a tsaye yana dubanta kafin ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, a gyara. Ni ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Aski nake yi. Da safen da Yaya zai tafi ya zo in rage masa suma, na yanke shi a bayan kunne. Ya ce, 'Kai, ƙanena, abokan gaba ba su taɓa ni ba, kai za ka fara?' Jinin da na gani a yaƙin nan kaf, shi ke nan. Sauran labaran duk nasa ne, ni na ɗauka na yafa."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya. Ba a yi tafi ba. Shugaban ya yi gyaran murya, ya kira mai jawabi na gaba. Samarin da suka zo dominsa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ba su sake zama a kujerarsa ba.

A hanyar komawa gida ina bayansu, shi da 'yar. Kansa yana ƙasa, bai gai da kowa ba. Sai da suka wuce mai katako ta yi magana.

"Baffa, me ya hana ka ba ni wannan labarin tuntuni?"

"Gani na yi bai kai a faɗa ba, uwata."

Ta ce, "Wane kunne ne?"

Ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya ɗaga hannuwansa kamar akwai kan mutum a gabansa, ya ɗan karkata.

"Na dama," in ji shi.