Shekarun da Kofur Bitrus Ya Yi Jinyar Innarmu

Wata ranar Litinin cikin damina, shekara ta shida da dawowar sojoji daga yaƙin duniya da aka yi a ƙasar Bama, ina 'yar shekara tara, na farka da sassafe na ji ana daka a tsakar gidanmu da ke bakin garin Wurno. Dakan ba irin na Inna ba ne. Nata yana tafe da daɗi kamar kiɗa, wannan kuwa nauyi gare shi, sai ka ce ana kafa turke. Na fito ina murza ido, sai ga mahaifina, Kofur Bitrus, daga shi sai gajeren wandon kaki, ya riƙe taɓarya yadda yake riƙe diga, gero na tsalle daga turmi kaji na bi suna tsincewa. Makonni uku ke nan da Inna ta haifi autanmu Yusufu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Maƙwabtan da suka yi ta aiko mana da tuwo sun koma kan hidimarsu, don lokacin noma ne, kowa na ta kansa. Na miƙa hannu zan karɓi taɓaryar, ya ce, "Hannatu, ɗauki allonki ki tafi makaranta. Wannan aikina ne yanzu."

Baba mutumin ƙasar Zuru ne. A soja ya koyi karatun boko, a can kuma aka yi masa baftisma. Ya dawo daga yaƙi da ɗingishi a ƙafar hagu, aka ba shi aikin helman leburori masu gyaran hanyar da ta taso daga Achida. Mu kaɗai ne gidan Kirista a unguwar. Ran Lahadi Baba yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanmu, wani kafinta da wani malamin asibiti su zo, a rera waƙa biyu, Baba ya karanta Littafi Mai Tsarki yana bin layi da ɗan yatsa. Bayan Inna ta kwanta, sai ya riƙa goya ta a baya ya fito da ita, ya jingina ta da jikin bishiyar, ya gyara mata ɗankwali kafin baƙi su iso.

Haka ranakun suka riƙa tafiya, yau kamar jiya. Kafin gari ya waye ya ɗebo ruwa tulu huɗu daga rijiya, ya yi wa Inna wanka, ya shafa mata man shanu a hannun da ya mutu, ya wanke zannuwan da ta ɓata ya shanya bayan ɗaki inda ba mai gani. Ni nake yin bakace da tankaɗe, in kai Yusufu gidan maƙwabcinmu Malam Hamidu, inda matarsa, Inna Ige, take shayar da shi tare da nata jaririn. Daga nan in ruga makarantar elementare, tsohon ƙarfen motar da ake bugawa a matsayin ƙararrawa na ta kuka tun ina hanya. Sau nawa na yi barci a kan allona, malam ya tashe ni da tsumagiya! Lokacin hutun tara, 'yan mata na 'yar gala-gala da carafke a gindin tsamiya, ni kuwa in zauna ina tunanin ko an juya Inna, don in ta daɗe a gefe ɗaya jikinta gyambo yake yi.

Garin bai bar zancen ba. Yara suka riƙa leƙowa ta danga don su ga sojan da ke daka. Wata yamma Malam Hamidu, dattijo mai gonar albasa a fadama, ya samu Baba yana talge, ya tsuguna kusa da murhu.

"Kohur, mi kaka yi haka? Ka maishe ta wurin danginta mana, mata su yi jinyar mace. Kai ma ka huta."

Baba bai daina tuƙi ba. Ya ce, "Malam, a gaban Allah na ɗauke ta. Ranar nan ban ce sai in tana da lafiya ba."

Malam Hamidu ya tura itace cikin wuta, bai sake tayar da maganar ba har abada. Da rani ya yi, Baturen hanya ya aiko cewa an mayar da Baba wajen Goronyo, inda leburori ke kwana a bukkoki a daji. Ba wurin kai majinyaciya ba ne. Baba ya wanke kakinsa, ya je ya miƙa sandarsa ta helma, ya dawo gida ba aiki. Malam Hamidu ne ya yankar masa gefen fadamarsa, ya koya masa dashen albasa. Mutumin da ya saba ba da umarni ya koma ban-ruwa da ƙwarya, yana duƙe daga hantsi har azahar, ƙafar nan tana kumbura kamar gora.

Akwai ranar da ba na son tunawa. Ina 'yar sha biyu, aka yi biki a unguwa, na ji ana gaɗa. Baba na fadama, ni ce da tsaron Inna. Na ce a raina bari in je in dawo yanzu, na yi ta rawa har rana ta yi sanyi. Da na shigo, na tarar da ita a ƙasa. Ta miƙa hannu ɗaukar moɗa ta faɗo daga gado, goshinta ya fashe, ƙudaje sun rufe wurin. Baba ya iso bayana da laka har gwiwa. Na jira bel ɗin nan nasa na soja. Bai ko dube ni ba. Ya ɗaga ta, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya ɗaure. Sai da ya gama ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe hannuwansa na rataye a kan gwiwoyi, sannan ya ce, "Ke ma yarinya ce, na manta. Gobe in ana gaɗa ki faɗa mini, in dawo da wuri." Da ya buge ni, da ya fi mini sauƙi.

Shekara takwas Inna ta yi a kwance. Ta rasu da kaka, ana yankan gero, shekara guda kafin Turawa su tafi. Ba mu da maƙabarta a garin, Zuru kuwa ta yi nisa. Baba ya zauna kusa da gawar, karo na farko da na gan shi bai san abin yi ba. Malam Hamidu ya yi sallama da 'ya'yansa maza uku, kowa da fartanya da shebur. Ya ce, "Kohur, tashi. Can bakin gonata ta tudu, ƙarƙashin aduwa, a gina nan." Su suka haƙa kabarin. Suka koma gefe suka tsaya har Baba ya gama karatu da addu'a, sannan suka taya shi mayar da ƙasa.

Ya rayu bayanta fiye da shekara arba'in, bai sake aure ba, bai kuma bar Wurno ba. Ni na zama malamar makaranta, Yusufu ya yi aikin jinya. A ƙarshen rayuwarsa ido ya tafi, amma kowace safiya yakan jero sunayen jikokinsa cikin addu'a, ya haɗa da jikokin Malam Hamidu, wani lokaci barci ya kwashe shi bai kai ƙarshe ba.

Yau na girmi Baban wancan lokacin nesa ba kusa ba. Ina da famfo a tsakar gida, amma bokiti guda in na ɗaga sai na nemi kujera. 'Ya'yana na garuruwa masu nisa, suna kira ta waya su tambayi jiki, in ce da sauƙi, su ce madalla, su koma harkokinsu. Ban ga laifinsu ba, zamani ne ya rarraba mu. Sai dai in na aje wayar nakan tuna shekarun da muka yi da Baba a gida ɗaya, kullum ina gaishe shi da aiki yana cewa aiki da godiya. Ban taɓa tambayarsa ko ya gaji ba.