Armaya'u da Dutsen Taimamar Ubansa

Armaya'u ɗan yayana ne, kuma tun yana ƙarami na san ba da baki zai ci abinci ba. Yaro ne da za a aike shi sayen daddawa da hantsi ya dawo da la'asar, babu daddawar, aljihu ya yage da duwatsu. Uwarsa ta yi duka, ta karɓo rubutu, ta gaji. Ni na ce a ƙyale shi, ko ba komai ba za mu rasa abin jifar kare ba.

Ya girma ya zama mai gyaran injin niƙa, sana'ar da ta dace da shi, don inji ba ya neman hira. Da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Runka, shi ya samo motar da ta kwaso mu zuwa Batsari. Kowa ya ɗauki abin da zai iya: wani buhun gero, wata akuya. Ubansa, yayana Malam Labaran, ya hau bayan mota da dutse a cinya.

Dutsen taimamarsa ne. Shekara goma sha ɗaya ruwa ba ya taɓa masa hannu sai fatar ta tsage, don haka da wannan dutse yake tsarki sau biyar kullum. A bakin koramar gonarsa ya tsinto shi. Girmansa kamar babban burodi, launin toka, ba kyan gani, amma samansa ya yi sulɓi yana sheƙi saboda tafin hannun mutum ɗaya.

Na ce, "Yaya, tuwo za a tuƙa da shi in mun isa?"

Ya ce, "Ke dai kin ɗauko bakinki, ya ishe mu kaya."

Shekara biyu ya yi a Batsari, Allah ya karɓi abinsa. Rabon gado bai ɗauki lokaci ba, don gonar da za a yi rigima a kanta ba mai iya taka ta. A kan dutsen aka ɓata. Haliru, babban ɗa, wanda ke zaune Safana, ya ce shi ne magaji. Bushira, autarsu da ke aure a Wagini, ta ce ita ta yi jinya, ita ke share dutsen ta ajiye masa gefen tabarma, lokacin da magaji ke zuwa duba mara lafiya daga Juma'a sai Juma'a. Magana ta yi tsami. Bushira ta haihu, Haliru bai je suna ba. Aka kawo dutsen aka tura ƙarƙashin gadona, wai ni ce babba, kamar girma kotu ne.

Armaya'u, na tsakiyarsu, sai bayan wata huɗu ya sa baki. Ran nan ya shigo ya durƙusa, muka gaisa har gajiyar shekaranjiya, sannan ya ce, "Gwaggo, yanka shi zan yi."

"Rago ne?"

Ya miƙo mani waya. Wani mutum ne a wata ƙasa yana tura dutse cikin faifan ƙarfe mai juyawa, dutsen na rabuwa kamar sabulu. Na ce wannan mutum yana da lantarki da ƙoshi, kai kana da me? Ya ce yana da tsohon injin ban-ruwa.

Ɗakin awaki ya fara kwashewa. Larai matarsa ta zo ƙara wurina, na ce ta gode Allah, wasu mazan caca suke yi, nata dutse kawai yake so. Ya raba duro gida biyu ya yi kwano. Ya je Katsina wurin masu kayan tayil ya sayo faifai mai bakin daimon, faɗinsa ya kai faifan tankaɗe. Ya haɗa shi da injin da bel, ya sa mai walda ya yi masa abin matse dutse a kan layin ƙarfe biyu, yadda zai riƙa tura shi a hankali ba tare da ya karkace ba. Ya kafa langa-langa ta gaba don tsartsi. Duk wannan bai taɓa dutsen uban ba. Na kan hanya yake tsintowa yana koyo da su.

Na farko ya tarwatse, ɓarin ya huda randar Larai. Na biyu ya lanƙwasa faifan. Unguwa ta sa masa suna Mahaucin Duwatsu, kuma ba zan ɓoye ba, daga bakina sunan ya fita.

A wata na biyar ya shigo mani da fuska a sake, abin da ban cika gani ba. Ya ajiye wani yanki a tafina, shimfiɗaɗɗe, sumul kamar faranti. Na yaba. Sai na kai hanci.

"Wannan warin mene ne?"

"Baƙin mai ne, Gwaggo. Mai kayan ya ce da shi ake sanyaya faifan, ruwa cinye shi yake yi."

Na ce, "To madalla. Haliru zai buga hannu a nan, ya shafa a fuska, ya tsaya gaban Ubangijinsa yana warin gareji."

Ya karɓi yankin. Ya tafi da shi ya wanke da omo, ya dirje da toka, ya shanya kwana uku. Ya dawo ya ce dutse yana shan mai kamar ƙosai, ba ya fita. Mutumin cikin waya kwalliyar zobe yake yankawa, ba ruwansa da tsarki. Armaya'u ya kwance injin gaba ɗaya, ya jefar da rabin duron, ya kawo sabo, ya canja faifai. Ya rataye jarka a azara, ya sa mata robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, ruwa na ɗiga daidai bakin faifan. Aikin da mai ke yi a rabin awa, ruwa sai ya yi awa biyu. Ya ce ba sauri yake yi ba. Wannan kam duk Batsari ta shaida.

Ranar yanka, ni na tara su. Na aika wa Haliru da Bushira cewa jikina ya tsananta. Suka iso da hantsi, kowa da jan ido, suka tarar da ni ina cin ɗanwake. Na ce sauƙi ya samu, su wuce ɗakin awaki.

Armaya'u ya riga ya ja layi biyu da gawayi a kan dutsen. Ya nuna masu wata jijiya fara da ta ratsa shi a kwance. Ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa.

"In na bi jijiyar nan na yanka a kwance, ba zai fashe ba. Amma saman da Baba ke taɓawa mutum ɗaya zai samu, sauran su tashi da dutse kawai. In na yanka a tsaye, kowa zai samu wurin hannunsa. Sai dai faifan zai ratsa jijiyar sau biyu, kuma yana iya tarwatsewa. In ya tarwatse, na san ba mai yafe mani cikinku."

Haliru ya ce, "Kai dai ka cika neman magana, kurma."

Bushira ta ce wa bango, "A gaya wa wasu, in tsoro suke ji su fita."

Ya yi bismilla ya tada inji. Yankan farko ya tafi lafiya, awa biyu muna zaune ba mai jin wani saboda ƙara, wanda a ganina rahama ce. A na biyu, faifan na dab da jijiya, ruwan jarka ya ƙare. Hannayensa biyu na kan abin turawa, in ya saki dutsen ya motsa, in ya ci gaba a bushe zafi ya fasa shi. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ruwa."

Bushira ta fizgi buta ta durƙusa tana tsiyayawa, goyonta na ihu a baya. Buta ba ta da yawa. Haliru ya tuɓe babbar riga ya yi rijiya da gudu, mutumin da rabonsa da guga tun yana saurayi. Ya dawo da bokiti ya ce, "Miƙo butar, Bushira." Wata goma sha huɗu ke nan bai kira sunanta ba. Ta miƙa ba ta dube shi ba, ta ce, "A hankali, Yaya, kana jiƙa mani zane."

Ƙarar faifan ta canja, ta yi kaifi, wani ɗan ɓari ya yi tsalle ya bugi langa-langa. Sai ta koma daidai. Da ya kashe injin ya zare yankunan, muka ga abin da Yaya bai taɓa gani ba cikin shekara goma sha uku: cikin mummunan dutsen nan ja ne da fari, layi-layi, kamar nama mai kitse. Kowane yanki kuma yana da rabonsa na sulɓin sama. Bushira ta ɗora tafinta a kan nata, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Kada a ce sun zama waliyyai. Haliru ya gwada nasa da nata ya ce an rage masa faɗin yatsa. Ita ta ce yatsan ladan jinya ne. Da wannan gardamar suka fita, amma shi ya riƙe mata jaririn har tasha, kuma da Sallah ya je Wagini da turmin atamfa.

Armaya'u bai mayar da awaki ɗakinsu ba. Yanzu ranar kasuwa matan Fulani kan tsaya ƙofar gidansa da duwatsun da suka tsinto wurin kiwo, ya yanka, ya goge, ya huda masu abin wuya. Maƙera na karɓar na zobe. Har yau da ruwa yake yanka, faifai na ƙarewa da wuri, an yi masa maganar mai ya ce bai san wanda zai shafa a fuska ba. Nasa yankin yana kan taga a ɗakin, ba ya bari ƙurar aiki ta hau shi.

Ɗan ɓarin da ya yi tsalle ni ya kawo wa, bai fi ƙwayar dabino ba, amma gefe ɗaya da sulɓin hannun Yaya. Yana ƙulle a bakin zanena. Ya ce in kawo ya huda mani in rataya a wuya, zai yi mani kyau. Na ce ya bari sai na samu manemi.