Tafiyata Jos da Hannu a Naɗe

Litinin

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na bar ƙauyenmu da ke bayan Toro. Babu wanda ya raka ni tasha. Ni mahauci ne, kuma wata takwas ke nan wani kaushi mai ƙuraje ya fito mini a bayan hannun dama. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai faɗi yake yi. Na shafa man shanu, na sha saiwoyi, duk a banza. Ranar kasuwa Sarkin Fawa ya ja ni gefe ya ce, "Iro, ana cewa kuturta ce. Ko ka kawo takardar likita, ko ka bar teburin." Teburin nan kuwa shi ke ciyar da gidana.

Bas ta tashi shida da kwata. A shingen shiga Jos wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Oga, menene ka ɓoye a tsumma?" Na kwance. Ya yi tsalle baya. "Rufe, rufe! Direba, tafi!" Daga nan har tashar Titin Bauchi ni kaɗai ne a kujerar mutum uku, sai ka ce gwamna.

Sha ɗaya saura na shiga wurin likitar fata, wata mace mai gilashi. Ta sa na rufe ido, ta goga auduga a kan ciwon.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Kuturta tana kashe ji. Wane aiki kake yi?"

"Fawa."

"In ka buɗe saniya ka ga ƙulle-ƙulle a huhu, yaya kake yi?"

Na yi dariya. "Tsincewa muke yi da yatsa mu yar."

"Ko da yanka a hannunka?"

"Likita, yaushe hannun mahauci ya taɓa rabuwa da yanka?"

Ta ce tana zargin tarin fuka ne na fata. Na ce ai ni ba na tari. Ta ce ba huhu kaɗai ƙwayar take kamawa ba, ta kafar yanka ma tana shiga. Aka yi mini ƙaramar allura a damtse, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yanki ɗan guntun fatar don a duba.

Nasarawa Gwom

Na sauka a unguwar Nasarawa Gwom wurin Alhaji Sabo tela, mutumin garinmu. Ya ba ni tabarma a bayan shago, ya ware mini kwano da buta. Ban ga laifinsa ba, amma abin ya yi mini ciwo. Ranar Alhamis wurin allurar ya kumbura, aka auna da rula. Hoton ƙirji ya fito garau. Saura sakamakon fata, aka ce sai kwana goma.

Na kasa komawa gida hannu biyu. Kullum nakan taka har Gada Biyu in dawo, in sayi dafaffen dankali in ci a gefen titi. A masallaci ina sallamewa nake fita, don kada wani ya miƙo mini hannu. Kaɗaici a tsakiyar mutane ya fi na daji zafi.

Ranar sakamako

"Tarin fuka ne na fata," in ji likita. "Magani kullum, wata shida, kada ka tsallake ko kwana ɗaya. Za ka warke, ka koma sana'arka da safar hannu. Naman da ke da ƙullin nan kuma, a daina sayar wa mutane." Tana rubutu ta tambaya, "A gidanku akwai wanda ya taɓa yin irinsa?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna. Babana, wanda ya koya mini riƙe wuƙa, ya yi irinsa sak, shi ma a hannun dama. Aka ce kuturta ce, muka gina masa ɗaki a bayan gida, can ya rasu.

Gida

Ƙarfe biyu na shiga mota, huɗu da rabi ina ƙofar gida da takarda a aljihu. Na gode wa Allah, na gode wa likita, na gode wa Alhaji Sabo. Ban wuce wurin Sarkin Fawa ba ranar. Na zagaya bayan gida, na zauna a bakin ɗakin nan da rufinsa ya rufta. Shekara tara ni nake kai wa Baba tuwo, in ajiye a ƙasa in ja da baya. Kullum sai ya ce Allah ya yi mini albarka.