Gidan Da Na Gina A Kan Tsohon Ramin Kuza

A lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara arba'in da ɗaya, ina sana'ar ɗinki a Kwararafa, cikin garin Jos. Mutum ne ni da ba ya son a ce masa ya yi kuskure, amma wannan halin nawa ban gane shi ba sai daga baya. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga kuma mahaifiyata da muke kira Inna, wadda ta dawo hannuna tun bayan rasuwar mahaifinmu. Mu bakwai muna cushe a ciki da falo a gidan haya mai yawan jama'a. Kullum da safe sai in ga Inna, da tsufanta da ciwon gwiwarta, tsaye da buta a cikin sanyin Jos tana jiran layin banɗaki. Wannan tsayuwar tata ta fi komai ci mini rai, ita ce ma ta sa na ƙudurta cewa ko ta halin ƙaƙa sai na gina namu.

Da Allah ya hore mini, sai na samu fili a bayan gari, can kan tudu a tsakanin duwatsu. Wanda ya sayar mini ya ce ya yi mini sauƙi ne saboda tipa ba ta iya hawa sai da wahala, ni kuma ban tsaya dogon bincike ba. Wurin yana da kyau ƙwarai. Idan ka tsaya a kai kana hango garin gaba ɗaya, ga iska mai daɗi, ba hayaniya. Wata ranar Lahadi na ɗauki Inna a keke napep muka je gindin tudun, na riƙe hannunta muka hau a hankali. Na zaci za ta tsaya kallon gari ta sa mini albarka, sai na ga idonta yana ƙasa. Ta zagaya filin, ta durƙusa da ƙyar a ɓangaren gabas, ta ɗebi ƙasa ta murza a tafin hannunta.

Da ta miƙe sai ta ce mini ƙasar nan an taɓa haƙa ta aka mayar. Ta tuna mini cewa tana yarinya ta yi dakon ƙasa a kwano zuwa wurin wankin kuza, lokacin da mahaifinta yake aikin haƙa. Ta ce maza kan haƙa rami mai zurfi kamar rijiya, sannan su bi ta ƙarƙashin ƙasa suna neman kuza, idan ta ƙare sai a jefa itatuwa da tarkace a bakin ramin, a watsa ƙasa a kai, a yi gaba. Shekara kaɗan ciyawa ta rufe wurin, ba mai sanin an taɓa yin komai. Ta roƙe ni in yi ginina a ɓangaren yamma inda dutse ya fito fili, ko da gidan zai zama ƙarami. Na yi dariya na ce mata wannan zancen da ne, shekaru nawa yanzu, ai ƙasa ta daɗe da zama. Gaskiyar magana kuwa, idan na bi shawararta ɗaki uku kawai zan samu, ni kuma na riga na gaya wa abokan sana'ata da surukaina cewa ɗaki biyar zan yi. Ta dube ni ta ce Allah ya sa alheri, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar da ake haƙa tushen gini, magini ya kira ni a waya ya ce in zo in ga wani abu. A kusurwar gabas sun tarar da ƙasa mai laushi, hannu ma yana tona ta, ga ruɓaɓɓun itatuwa, ga wani tsohon kwanon ɗaukar ƙasa da tsatsa ta cinye. Ya ce shi dai a saninsa wannan ba wurin ɗora bango ba ne, in nemo injiniya ya duba kafin a ci gaba. Na tsaya ina kallon kwanon nan, na san maganar Inna ce ta fito. Amma maimakon in tsaya, sai na ce ya zuba duwatsu da siminti ya cike wurin, kuma kada maganar ta kai gidana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, oga, gidanka ne. Kwanon kuwa da hannuna na ɗauka na wurga shi bayan dutse.

Shekara biyu muka yi muna ginin, yau a sa bulo, gobe a tsaya. Bayan an buga kwanon rufi, damina ta farko ta sauka, na je dubawa sai na ga tsaga a bangon ɗakin gabas, daga gefen taga har ƙasa, siririya kamar zare. Na sa aka shafe ta da siminti, fentin kuma ni na yi da kaina. Ban gaya wa matata ba. Duk lokacin da ta zo ganin aiki tana murna tana nuna inda za ta ajiye tukwane, ni kuma ina jan ta zuwa wani ɓangaren da hira.

Mun tare ana shirin shiga damina ta gaba. Ba zan manta da farin cikin ranar ba, yara suna ta tsere daga ɗaki zuwa ɗaki, matata tana ta hawaye tana dariya. Ɗakin gabas shi ne mafi girma, kuma tun farko na yara ne. Amma ana sauke kaya sai Inna ta ce ita shi take so, wai hantsi yana shiga ta tagar, zai yi wa gwiwarta amfani. Matata ta yi mamaki, don tun da take da Inna ba ta taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba. Aka kai mata gadonta can, yara suka koma ɗakin kusa da namu. Abin da ya biyo baya ya ƙara ba mu mamaki. Inna da jikokinta ba sa rabuwa da jikinta, sai ga shi ta hana su zama a ɗakinta. Ko 'yar autarmu ta shiga ta kwanta da rana, sai ta tashe ta ta ce ta tafi wurin uwarta, wai hayaniya tana sa ta ciwon kai. Har na ji haushi a raina, na ce tsufa ya fara canza mata hali.

Da ruwa ya kankama, ƙofar ɗakin Inna ta fara cijewa. Matata ta yi mini magana, na ce katako ne yake kumbura da damina, na kawo kafinta ya sassaƙe gefenta. Bayan sati uku ta sake cijewa, aka sake sassaƙewa. Wata rana matata ta ce ta lura idan tana goge ɗakin, ruwan duk kusurwa ɗaya yake gangarawa. Na ce aikin mai daɓe ne bai daidaita ba. Tsagar ta dawo, wannan karon har ɗan yatsa yana shiga, sai na jawo akwatin kayan Inna da wata tsohuwar durowa na jingina a wurin. Inna tana zaune a bakin gado tana kallona ina wannan aikin. Ni kuwa ban iya haɗa ido da ita ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa da zarar rani ya shigo zan gyara.

A cikin watan Agusta aka yi kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina shago ina ƙarasa ɗinkin wani biki, sai ga wayar matata. Ban ji abin da take faɗa ba saboda ihu, sai kalma biyu, Inna da ɗaki. Na bar shagon a buɗe na tare keke. A gindin tudu mai keken ya ce ba zai iya hawa ba, laka ta yi yawa, na sauka na riƙa gudu ina zamewa ina tashi. Da na iso sai na ga abin da ya faru. Ƙasa ta buɗe a jikin bangon gabas, ruwan da yake gangarowa daga kan duwatsu yana zuba a ciki da ƙara, ɓangaren gidan ya karkata. Ƙofar ɗakin ta matse gaba ɗaya, an buga an tura ta ƙi buɗewa, Inna kuma tana ciki.

Kafin in iso matata ta riga ta fitar da yara, ta ruga wurin maƙwabcinmu, wani Inyamuri mai walda da yake da shago a ƙasan tudun. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, sai dai shi ya yi mana ƙarafunan tagogi. Na same shi tsaye a bakin ramin nan, ƙafarsa ɗaya a kan dutse, yana dukan bulon gefen taga da babbar guduma, yana ce mini shi ya kafa ƙarafunan, ya san inda za su saki. Yana bugu yana ƙwala wa Inna kira da irin Hausarsa, "Mama, ka matsa baya! Ka matsa baya!" Da ƙarfen ya saki muka ja shi tare, na zura jikina ciki na kamo ta ta hammata, shi ya riƙe ni ta ƙugu, muka fito da ita ta taga. Ko takalmi babu a ƙafarta. Mun ɗauke ta mun kai ta wajen kicin ke nan, ban ma gama sauke ta ba, muka ji wata ƙara a bayanmu. Bangon ya tafi, gado da durowa da rabin rufin ɗakin duk suka bi shi cikin ramin.

Na zauna daɓas a cikin laka ina ƙirga mutanen gidana da ido, ina sake ƙirgawa. Duk suna nan. Inna ta kuje a hannu, mai walda ya yanke a tafinsa, shi ke nan. Matarsa ce ta saukar da mu gidansu, ta ba Inna busasshen zane, ta dafa mana shayi, kafin yayan matata ya zo ya kwashe mu zuwa unguwar Laranto inda muka zauna wata biyar.

Washegarin ranar da abin ya faru na zaunar da matata na gaya mata komai, tun daga ƙasar da Inna ta murza, da kwanon da na wurgar, da fenti, da durowa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, ashe duk lokacin da take shimfiɗa wa yara tabarma a gindin bangon nan suna cin abinci, na sani. Kusan sati biyu ba ta yi mini maganar da ta wuce ta dole ba, kuma ban ga laifinta ba. Daga nan na je wurin Inna na durƙusa, na tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi ɗakin alhali ta san abin da ke ƙarƙashinsa. Ta ce, "Na gaya maka ba ka ji ba. To, ɗakin dole wani ya kwana a ciki. Ni na riga na ga duniya, su kuwa yanzu suka zo." Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro. Ta bari na gama, sannan ta ce ita ma tana da nata laifin, domin ya kamata ta gaya wa matata tun farko, amma ta ji nauyin ta kunyata ni a gaban iyalina. Da kanta ta kira matata ta nemi gafararta, kuma wannan ne ya fara sassauto da zuciyar matar tawa.

Injiniyan da ya kamata in kira tun farko shi na kira a ƙarshe. Ya ce ramin yana da zurfi, kuma akwai hanya da ta bi ta ƙarƙashin ɓangaren gabas gaba ɗaya, amma ɓangaren yamma yana kan dutse, ba abin da ya same shi. Muka rushe abin da ya rage na gabas, aka cike ramin yadda ya tsara, aka kewaye wurin da waya, aka yi wa ruwa hanya. Yau shekara uku muna zaune lafiya. Inna tana nan da ranta, jikokinta sun koma kwana a jikinta, mai walda kuwa ya zama ɗan gida, ba a yin sallah ko kirsimeti ba mu kai wa juna abinci ba.

Abin da na koya shi ne, kuskuren sayen filin ba shi ya kusa halaka mahaifiyata ba, domin kowa yana iya yin sa. Ɓoyewar ce. Sau huɗu ko biyar Allah yana nuna mini alama, kowane karo ina rufewa don kada a ce na yi kuskure. Don haka ina roƙon duk mai niyyar gini a kan tudun nan namu, ya tambayi tsofaffin wurin abin da aka taɓa yi a filin, ya kawo masani ya duba ƙasa kafin a ɗora bulo ɗaya. Idan kuma ya ga abin da bai gane ba, ya faɗa wa mutanen da za su kwana a gidan, domin rayukansu ne, suna da haƙƙin sani.

Kwanan baya wani ya kawo mini ɗinki, yana ta ba ni labarin filin da ya samu da araha a kan dutse, har ya sa ranar fara haƙa. Na ajiye almakashi, na rufe shago, na ce ya zo mu je gidana. Na tsayar da shi a bakin shingen wayar nan na ba shi labarina tun daga farko, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ciro waya ya kira magininsa ya ce a dakata.