Malam Mudi da Kaza da 'Ya'yanta

Shekara talatin Malam Mudi ya yi yana ɗaukar hoto a Funtua. A makarantarmu shi ne ke jera ɗalibai ƙarshen shekara, dogaye a baya, gajeru a gaba. A gidajen suna kuwa har tsakar gida ake shigar da shi, domin an shaide shi da kamun kai. Da wayar hannu ta cinye sana'ar, sai ya rufe shago ya koma noman masara a Maska, amma bai sayar da kyamararsa ba.

Sai ya juya ta sama. Ya karanta cewa taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suna lulluɓe da wani shuɗin gajimare mai nisan gaske, wanda ido ba ya gani. Kama shi sai an ɗauki ɗaruruwan hotuna, a haɗa su a kwamfuta su zama ɗaya. Ƙarshen damina, da ruwa ya wanke sama, ya riƙa hawa rufin gidansa bayan isha'i, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya fuskantar da ita gabas.

A gabas ɗin kuwa gidan maƙwabcinsa Alhaji Ummaru yake.

Malam Mudi bai saɓa al'ada ba. Kafin ya taka tsani yakan ɗaga murya ya yi sallama, ya sanar cewa za a hau sama, yadda magina ke yi don mata su kimtsa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, magini yini ɗaya yake yi ya sauka. Shi kuwa ya kwana goma sha biyu yana hawa, matan gidan Alhaji suna naɗe tabarmi, suna barin ɓarzar masara, suna shiga ɗaki cikin zafi har sai ya sauko.

Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa. Bai ce ya ga wani abu ba. Ya dai ce kyamara tana kallon gidansa, kuma bai taɓa jin an ɗauki hoton duhu ba. Mai unguwa ya hana hawa. Kafin Juma'a maganar ta zaga majalisu, ta ƙara kitse, har wata mai jego da ta yi alkawarin kiransa suna ta aiko cewa an fasa. Wannan ya fi hana hawan yi masa ciwo.

Bai je ya yi rantsuwa ba. Da hantsi ya ɗauki kwamfutar, ya yi sallama a zauren Alhaji, ya roƙi a kai wa Inno, mahaifiyar Alhajin, a kuma sa matan gidan su duba hotunan da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Ɗari shida ne da 'yan kai. Sakinatu, matar Alhaji, ita ta riƙa dannawa. An ce tun daga na hamsin take hamma, amma Inno ta hana a tsallake ko ɗaya. Ba katanga, ba igiyar shanya, sai baƙi da ɗige-ɗige. A ƙarshe suka iske wanda ya fara haɗawa, taurari cikin wani shuɗi kamar an jiƙa shuni a ruwa.

Inno ta sa aka kira shi bakin ƙofa.

"Mudi, wannan ce Kazar? Ni 'ya'ya shida na san ta da su tun ina yarinya. Yaushe ta ƙyanƙyashe waɗannan duka?"

"Suna nan tun da, Inno. Idonmu ne bai kai ba."

"To, idonka ya kai sama, bai kai ga mutanen da ka kora ɗaki ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ne, ya nemi gafara.

Ita ta yanke hukuncin, Alhaji da mai unguwa suka bi. Aka kafa zana a gefen rufin ta gabas, tsayin da ya wuce kan mutum. Saboda haka yanzu ba ya samun Kaza da zarar ta fito, sai ta ɗaga ta haye zana, ya yi asarar kusan awa guda kowane dare. Bai taɓa kukan wannan ba. Hoton bai kammala a shekarar ba, sai a kaka ta gaba.

Kafin nan Sakinatu ta haihu. Ranar suna Alhaji Ummaru da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofar Malam Mudi, ya ce Inno ta ce a zo da kyamara, kuma a shigo har tsakar gida.