Kocin da Dikko Ya Kawo Mana

Dikko mai gadi ne a wata jami'ar Amurkawa da ke nan Doha, kuma a can ya kamu da son ƙwallonsu, wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga kamar an sato kaza. Malaman kan kalli wasannin jami'o'in ƙasarsu a ɗakin hutu, shi kuma yana leƙe ta gilashi daga inda yake tsaye. Har yau bai san rabin dokokin ba, amma ya gane abu ɗaya. Yawancin ƙungiyoyin sai sun haɗa kai sun yi ƙus-ƙus kafin kowane hari, wasu kuwa ba sa tsayawa sam. Suna tashi daga ƙasa sai wani harin, har abokan karawa su rasa damar hutawa ko canza ɗan wasa.

Mu 'yan unguwar Najma, masu gadi da direbobi, muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ranar Juma'a. Dikko ne kyaftin kuma mai lamba goma tun kafin wasunmu su yi fasfo. Ciwonmu shawara. Bugun tazara ɗaya sai an yi taro a kansa, don kowa koci ne a cikinmu. Kafin mu gama gardama, abokan karawarmu 'yan unguwar Mesaimeer, likitoci da injiniyoyi, sun sha ruwa, sun fitar da masu tumbi, sun sako waɗanda suka huta. Kullum su ke cinye mu, abin har ya daina ba mu kunya.

Dikko ne ya dage sai an ɗauki koci mai wasan gaggawa irin na Amurkawan nan, ya kuma nemo Ghali, direban bas ɗan Kumasi, wanda ko gaisuwa a tsaye yake yi. Ladansa shayi da shinkafa bayan wasa. Dikko ya bi mu ɗaki-ɗaki yana cewa mu da muke wuni a tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ce jarinmu, kuma duk tsayawar da muka yi kyauta ce muka ba likitoci.

Sunusi, mai tsaron ragarmu, ya ja shi gefe.

"Yaya Dikko, ka san wanda gudun nan zai fara kayarwa?"

"Na sani mana. Ai gwiwar tawa ce," in ji Dikko.

Ranar wasa Ghali ba abin da yake faɗa sai "yalla", wato "mu je" da Larabci. Tun kafin hutun rabin lokaci likitoci sun fara riƙe ƙugu, haka ma Dikko. Ghali ya gani, ya kawar da kai, don nauyin mutumin da ya kawo shi yake ji. Dikko da kansa ya ɗaga hannu, ya cire rigarsa mai lamba goma ya miƙa wa Mas'udu, ɗaya daga cikin masu jiran canji, ya fita yana ɗingishi. Wallahi ranar na ji tausayinsa har na kasa kallonsa. Mun ci wasan, kuma shi ya fi kowa murna.

Tun daga nan bai sake shiga fili ba. Wurinsa kan kular ruwa ne a gefen layi, da hularsa da carbinsa, yana tsokanar likitoci su auna hawan jininsu. Amma da ƙwallo ta fita, shi ke fara isa gare ta duk da ciwon gwiwar tasa, ya cillo mana ita kafin wani ɗan Mesaimeer ya buɗe murfin gora.